Fatar Jakin Baba

Mahaifina manomi ne a wani ƙauye da ke bayan Dutsi. Ni kuwa aikin koyarwa ne ya kawo ni cikin Daura, na yi aure a nan, na zauna. Ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci nakan hau babur in je in duba shi, in kwana, washegari da yamma in dawo. Mahaifiyarmu ta riga ta rasu tun ina saurayi. Ƙanwarsa, wadda muke kira Goggo, ita ke yi masa tuwo, don ita ma mijinta ya rasu ta dawo gida.

A shekarunsa na ƙarshe ido ya fara rufe masa. Da farko yana ganin mutum kamar inuwa, daga baya haske da duhu kawai suka rage masa. Na kai shi asibiti a Katsina, aka duba aka ce mun makara. Na ɗauka zai dawo ya zauna a zaure kamar yadda tsofaffi suke yi. Bai zauna ba, saboda yana da jaki.

Auraki ne, irin mai launin fari-farin nan, tsoho, kunnensa na hagu a tsage tun yana ƙarami da wani kare ya kama shi. A gidanmu aka haife shi. Ya san hanyar gona, ya san hanyar rijiya, ya san hanyar kasuwar Dutsi. Baba zai ɗora masa akumari da lalube, ya hau, ya ɗan taɓa wuyansa ta gefen da yake so, shi ke nan. Idan sun isa kasuwa jakin ba ya tsayawa sai ƙarƙashin darbejiyar da abokan Baba suke zama. Da la'asar kuma ya dawo da shi har ƙofar gida. Da rani su kai taki gona a mangala, Baba yana riƙe da wutsiyarsa yana bin sa a baya. Baba ya sa an ɗaura igiya daga ƙofar ɗakinsa zuwa turke, kullum idan ya idar da sallar asuba sai ya bi igiyar nan da kwanon dusa a hannu. Ba ya karyawa sai jaki ya ci. Idan an tambaye shi yaya ido, sai ya ce, “Ido lafiya lau, yana can ɗaure a turke.”

A shekarun nan ne muka fara jin labarin masu sayen fatar jaki. Ana cewa waje ake kai ta, wai magani ake yi da ita. Mukan ga manyan motoci cike da jakuna sun nufi kudu, kawunansu a jere ta saman katako. Jaki ya yi tsadar da talaka ba ya iya taɓawa. Daga nan sai sata ta biyo baya. Na ce wa Baba a riƙa shigar da nasa cikin gida. Aka shigar da shi, aka kafa turken a bayan rumbu. Dangar kara ce ta zagaye gidan.

Ranar wata Asabar bayan kaka, ina nan a ƙauyen, na fito daga masallaci ke nan sai na ji Baba yana kira na da wata irin murya da ban san shi da ita ba. Na same shi tsaye a ƙarshen igiya, kwanon dusa a hannu ɗaya, ɗaya hannun riƙe da guntun dabaibayi. An yanke shi da wuƙa. An kuma buɗe danga ta baya.

Maƙwabta suka fito muka bi sawu. Ba mu yi nisa sosai ba. Bayan gonakin gero akwai wani kwazazzabo da ruwa yake ci duk damina, a nan sawun ya sauka. Wanda ya riga mu leƙawa ya juyo ya kama hannuna ya ce, “Malam, kada a kawo tsohon nan wurin nan.” Na koma gida da niyyar in ce masa ba mu samu ba. Kafin in buɗe baki ya ce, “Kai ni.” Na ɗauke shi a babur har inda hanya ta ƙare, sauran kuma na riƙe masa hannu muka sauka a hankali.

Na sha ganin dabba a feɗe. Ɗan ƙauye ne ni, kowace Babbar Sallah ina riƙe ƙafar rago. Amma ban taɓa ganin dabbar da aka feɗe aka bar ta kwance yadda take ba, da cikinta da ƙafafunta da komai nata. Ja ne da fari, yana ƙyalli a rana, ƙudaje sun rufe shi. Fatar kai kawai ɓarayin suka bari, da ɗan abin da ke saman kofato. Goshinsa ya lotsa, alamar da gatari ko tabarya aka buge shi. Idanunsa a buɗe suke. Ko ungulu babu a sama, don su ma sun ƙare a ƙasar nan, sai hankaki biyu a bakin kwazazzabon suna jiran mu tafi.

“Shi ne?” in ji Baba.

“Ban tabbata ba, Baba.”

Ya saki hannuna ya durƙusa. Ya shafa har ya kai wuya, ya kai kan, ya laluba kunnen hagu, ya sa yatsa a cikin tsagar. Ya daɗe a haka. Bai yi kuka ba. Ya yi innalillahi a hankali, sannan ya sake shafa haƙarƙarin, ya ce, “Ko naman ba su ɗauka ba. Rigarsa kawai suka zo tuɓewa.”

Da zai tashi sai ya miƙa hannu yana neman abin dafawa, hannun ya sauka a kan ƙafata. Ina sanye da takalmin jar fata ƙirar hannu, wanda yayan matata ya ɗinka mini. Baba ya shafa saman takalmin da babban yatsa, irin shafar wanda ya saba tantance abu da hannu. Ya ce, “Mai laushi ne.” Ban san ko da wata manufa ya faɗa ba. Ina jin babu. Na ɗaga shi ya tashi. Da na duba ƙafata sai ga shatin yatsunsa na jini a kan fatar.

Ya ce sai an binne shi. Ba a binne jaki a wurinmu, janyewa ake yi a jefar a daji, amma babu wanda ya yi masa musu. Muka zabtaro ƙasar gefen kwazazzabon muka rufe, muka ɗora ƙaya.

Daga ranar Baba bai sake fita daga gida ba sai zuwa masallaci. Na ce zan nema masa wani jakin ko ta halin yaya. Ya ce, “Sabon jaki sai mai ido ya koya masa hanya.” Na ce to a samu wanda zai riƙa jan sa zuwa kasuwa. Ya ce shi ba za a ja shi da sanda a gaban mutanen da suka san shi da ƙarfinsa ba. Ya shimfiɗa buzunsa a zaure ya zauna. Ƙafafunsa suka kumbura, abinci ya ragu, magana ta ragu. Goggo ta ce wani lokaci da safe takan gan shi ya bi igiyar nan har ƙarshe, ya tsaya, ya dawo. Kafin ruwan farko ya sauka Allah ya yi masa rasuwa. Ba na cewa mutuwar jaki ce ta kashe shi. Kwana ne ya ƙare. Amma na ga yadda ya ƙare ɗin.

Maganar takalmi kuwa tun makon da aka kashe jakin ta fara. Na wanke shi da sabulu, jinin ya shige cikin fatar ya bar baƙin tabo. Ranar Litinin da safe na zura ƙafa zan tafi makaranta. Sai warin kwazazzabon nan ya taso mini, alhali ina tsakar gidana a Daura, matata tana dama koko. Na cire. Na ɗauko baƙin sau-ciki da nake zuwa taro da shi, shi ma haka. Ranar da silifan wanka na shiga aji. Shugaban makaranta ya dubi ƙafata, ya dubi fuskata, ya wuce, don ya ji labarin abin da ya faru.

Na ɗauka kwana biyu zai wuce. Maimakon ya wuce sai ya hau sama. Ina tsaye a gaban allo sai na ji bel ɗin da ke ƙuguna kamar wani abu ne mai ɗumi ya naɗe ni. Na fita na kwance shi na sa a aljihu, na ƙarasa darasin ina riƙe da wando da hannu ɗaya. Na kai wanduna wurin tela ya mayar da su masu tazuge. Na sayi kambas da takalmin roba. Alaben fatar da nake zuba takarduna na musanya shi da jakar yadi. Igiyar agogona ma fata ce, na cire agogon gaba ɗaya. Mutum ba ya sanin yawan fatar da ke jikinsa sai ranar da ya fara tuɓe ta.

Matata da farko dariya ta yi. Da ta ga wata ya wuce sai dariyar ta tsaya. Abin ya fi taɓa ta fiye da kowa, don ita 'yar dukawa ce. Mahaifinsu ya rasu tana ƙarama, yayanta ne ya riƙe ta da basilla da wuƙar yankan fata har ya aurar mini da ita. Yana da rumfa a kasuwa, ka doso ta tun daga nesa za ka ji ƙamshin jima da bagaruwa. Tun da na auri ƙanwarsa, kowace Sallah sai ya aiko mini da sabon takalmi, kyauta. Ina kiransa Yaya, shi kuma yana kirana Malam.

Da labari ya kai masa sai ya aiko in je. Na same shi zaune a kan tabarma, fata shimfiɗe a cinyarsa. Muka gaisa, ya yi mini ta'aziyyar Baba karo na biyu. Sannan ya dubi kambas ɗina.

“Malam, takalmin da nake maka fatar akuya ce,” in ji shi. “Akuyar da aka yanka da bisimilla, aka ci namanta. Tun da nake sana'ar nan wuƙata ba ta taɓa hawa fatar jaki ba.”

“Na sani, Yaya.”

“To mene ne?”

“Ni na sani. Ƙafata ce ba ta sani ba.”

Ya ajiye basilla. “Nama fa? Ka daina ci?”

“Ina ci. Ba kamar da ba, amma ina ci.”

“Wato ka ci cikinta, ka ƙyamaci bayanta.”

Na zauna ina kallon ƙasa, warin rumfar yana neman ya tayar mini da zuciya, ina dannewa don kada ya gani. Ya gani. Ya ce, “Tashi ka je, Malam, kada ka yi mini amai a kan kaya.” Cikin raha ya faɗa, amma fuskarsa babu raha.

Na je wurin limamin unguwarmu da kaina, don ni ma abin ya fara ba ni tsoro. Ya ce fata halal ce, Allah ne ya hore mana dabbobi da abin da ke jikinsu. Na ce ban taɓa cewa haram ba ce. Ya ce to muddin ban haramta wa kowa ba, babu wanda zai tilasta mini sawa, in yawaita addu'a. Wannan ya kwantar mini da hankali, amma bai rufe bakin unguwa ba. Wasu suka ce na shiga wata sabuwar aƙida. Wasu suka ce jifa aka yi mini, wasu suka ce iska ce ta shafe ni a kwazazzabon. Matata ta riƙa turara mini hayaƙi a ɗaki ba tare da ta ce mini na mene ne ba. Goggo ta aiko mini da laya daga ƙauye. Da na buɗe ƙullin, a cikin jar fata aka ɗinke ta.

'Yata ta fari tana karatu a Katsina a lokacin. Da ta zo hutu ta ce ta gani a waya akwai mutane a ƙasashen waje da suke yin irin abin da nake yi, har suna da suna. Ta ce su ko ulu da siliki ba sa sawa. Na ce mata ni ba ɗan ƙungiyar kowa ba ne, ban kuma nemi sanin sunan ba. Amma maganar ta zauna mini. Ina da suwaita ta gwanjo da nake sawa lokacin sanyi, da jar hular dara ɗaya ta ulu. Na gaya wa kaina ai ulu aski ne kawai, tunkiya ba ta mutuwa. Sanyi ya zo na ɗauko suwaitar, na riƙe ta a hannu, na kasa zura kai. Na ba maigadin makarantarmu ita da hular. Na riƙa haɗa riguna biyu na auduga, ina rawar ɗari a kan babur.

Cikin abin da ya zo hannuna na gadon Baba akwai abu biyu: buzunsa na salla, da babbar riga ta tsamiya. Rigar ta kakanmu ce, da ita Baba ya je ɗaurin aurensa, ni ma ya ara mini ranar nawa. Launin ƙasa-ƙasa gare ta, da nauyi, da aiki a wuya wanda yanzu babu mai yin irinsa. Na san tsamiya wani irin siliki ne namu na gida, amma ban taɓa tambayar yadda ake samunsa ba. Na je ƙauye na tambayi Goggo.

Ta ce suna yara akan je daji a ciro gidajen tsutsa da ke manne a jikin itace. A kawo gida a zuba a tukunya da ruwan toka, a hura wuta, a dafa har zaren ya saki, sannan a wanke a kaɗa.

“Da su a ciki?” na ce.

“To da ina za su?” in ji ta. “Idan ruwa ya fara zafi ma sai ka ga gidan yana motsi. Mu dariya muke yi.”

Na ajiye mata rigar a kan gado na ce ta ba wanda ta ga ya dace. Ta ce, “Rigar ubana ce ka ajiye mini kamar tsumma? Uban naka da ya yi kukan jakin a zuci bai yar da rigar nan ba, sai kai?” Na ce ta yi haƙuri. Ta ce, “Boko ne ya yi maka yawa.” Ta ba wani ɗan ɗan'uwanmu. Bai shekara da ita ba ya sayar wa masu yawo suna sayen tsoffin kaya su kai Kano. Goggo ba ta sake ambaton rigar ba, amma duk zuwan da na yi sai ta dubi ƙafata kafin ta dubi fuskata.

Buzun ne ya fi yi mini wuya. Fatar farin rago ce. Gashin ya suɗe a wurin gwiwoyi da wurin goshi, daidai tsayin Baba. Ban iya salla a kai ba, ban kuma iya bayarwa ba. Na naɗe shi na sa a akwati. Da na buɗe bayan damina sai na ga asu ya fara cin gefensa. Na ɗauka na kai masallacin ƙauyenmu na ajiye a sahun gaba, inda yake zama. Na bar shi a nan.

Kada wani ya ɗauka na sami sauƙi. Takalmin roba a zafin Daura azaba ce. Ƙafa ta yi gumi, tsakanin yatsu ya saɓule, diddige ya tsage da kaushi har ya yi jini. Takalmin da Yaya yake mini yakan yi shekaru, na roba kuwa 'yan watanni ne ya tsinke. Suka taru a bayan ɗaki, ba sa ruɓewa, ba sa ƙonuwa sai da baƙin hayaƙi. Akuyar maƙwabcinmu ta yi ta ramewa har aka yanka ta, aka tarar cikinta cunkushe da leda da guntayen roba. Ban san ko akwai nawa a ciki ba. Da matata ta ba ni labarin sai ta ƙara da cewa, “Ka ga naka kayan ma suna kisa, Malam.” Gaskiya ta faɗa.

Layya ban daina ba, ibada ce. Nakan yanka da hannuna, sannan in shiga ɗaki in rufe ƙofa kafin a fara fiɗa. A da fatar ragon wurin Yaya take zuwa. Shekarar farko na aika masa kamar kullum, ya dawo da ita, ya ce a gaya wa Malam kada ya wahalar da kansa. Takalmin Sallah ma bai zo ba. Muna haɗuwa a wurin suna da jana'iza, mu gaisa, kowa ya kama gabansa.

Haka muka yi ta tafiya har auren 'yata ya taso. Yaya, a matsayinsa na kawunta, shi ya yi mata matasan kai na fata na ɗaki, masu ado ja da baƙi. Ana gobe ɗaurin aure matata ta shigo da wani ƙulli ta ajiye a gabana. Tun kafin ta kwance na ji warin.

“Yaya ne ya aiko,” in ji ta. “Ya ce uban amarya ba zai tsaya a gaban surukai da takalmin roba ba.”

Na dubi ƙullin.

“Rana ɗaya ce, Malam. Idonsa ba ya gani sosai yanzu, sai an zura masa zare a basilla. Amma da kansa ya ɗinka. Tun da abin nan ya same ka ban roƙe ka komai ba.”

Na ce zan sa.

Takalmi ne mai kyau, mafi kyawun abin da ya taɓa yi mini. Na sa safa biyu, na shafa turare a gashin baki, na fita. Na isa masallaci lafiya, na cire a ƙofa, aka ɗaura aure, aka shafa fatiha. Da muka fito Yaya yana gefena. Na zura ƙafa na sa. Rana ta take tsaka, mutane sun yi dafifi suna miƙo hannu, ana ta Allah ya sanya alheri. Zafi ya bugi fatar, warin ya taso. Na danne. Uban ango ya kama hannuna yana magana, ba na jin abin da yake faɗa. Na fizge hannuna na juya, ban kai bayan katanga ba, na durƙushe na yi ta amai a gaban kowa, har kan farar rigata.

Wani ya kawo buta. Ina durƙushe sai na ji ana taɓa ƙafata ta baya. Yaya ne, da girmansa da furfurarsa, ya sunkuya ya zare takalman ɗaya bayan ɗaya. Ya kakkaɓe su, ya haɗa su ya sa a hammata.

“Na yafe maka su, Malam,” in ji shi a hankali. “Ban san haka abin yake ba.”

Ya juya ya ratsa cikin mutane ya tafi. Bai zo walima ba. Wani abokin aikina ne ya ɗauke ni a babur ya kai ni gida, ƙafata da safa kawai. Dangin ango suka yi ta tambaya ko wani ciwo ne da ni wanda ake gado. Sai da liman ya sa baki maganar ta kwanta. Matata ta yi kwanaki tana ajiye mini abinci ba tare da ta zauna ba. Ranar da ta yi magana, cewa ta yi, “Ban ga laifinka ba, ban ga nasa ba. Ni dai na gaji.”

Yanzu na yi ritaya. A ƙauyenmu jakunan da suka rage ba su taka kara sun karya ba. Taki sai wanda yake da amalanken shanu, ruwa kuma mata da kai suke ɗaukowa daga rijiya. Goggo ta tsufa, na dawo da ita wurina a Daura. A cikin akwatina babu komai sai auduga da yadin kanti, a ƙofar ɗakina kuma roba da kambas. Unguwa ta gaji da maganata, an sami wasu abubuwan faɗa.

Sana'ar Yaya kuwa ta mutu, ba ta dalilina ba. Takalman roba na waje suka cika kasuwa, masu araha, masu ƙyalli, wasu ma ka rantse fata ce. Matasa suka daina zuwa a gwada musu ƙafa. Fata mai kyau ta riƙa wucewa Kano tun tana ɗanya. 'Ya'yansa babu wanda ya gaje shi, acaɓa suke yi. Shi kuma ido ya ƙi. Wata rana na bi ta layin dukawa sai na ga rumfarsa a buɗe, babu fata ko ɗaya a rataye. Igiyoyi ne a jere, silifa da takalman roba launi-launi suna lilo a jiki. Yana zaune a tsakiyarsu a kan tabarmarsa, hannuwansa a kan gwiwa.

Na daɗe a tsaye kafin in yi sallama. Ya amsa, ya matsa mini na zauna. Muka yi maganar ruwa, da tsadar gero, da jikan da 'yata ta haifa. Da zan tashi na ce ina son takalmi. Bai tambaye ni lamba ba. Ya miƙa hannu sama ya laluba, ya ciro baƙi, ya lanƙwasa shi ya ji ƙwarinsa, ya mayar, ya ciro wani. Ya sa mini a leda.

“Wannan zai ɗan kai ka damina,” in ji shi. “Idan ya tsinke kada ka kawo mini gyara. Ba ya ɗinkuwa.”

A wurinsa nake saye tun daga ranar.